Yarinyar da Hankalinta Ke Yawo: A Ba Ta Yumɓu da Zare, Kada a Ƙwace Mata Littafi

Kowane malamin firamare ya san yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi ne mai hawa benci, mai tsokanar na kusa da shi, mai ba da amsa tun ba a gama tambaya ba. Kafin a yi wata ɗaya da buɗe makaranta, hedimasta ya san sunansa, ya san gidansu. Amma akwai wata a cikin ajin nan wadda shekara za ta ƙare malam bai riƙe sunanta ba. Tana zaune can baya kusa da taga, ba ta faɗa da kowa, ba ta surutu. Idonta yana kan allo, hankalinta kuwa ya bi tsuntsun da ya gifta tun ɗazu. In an ce a kwafi abin da ke allo, sai ta rubuta layi biyu ta tsaya, sauran shafin ta cika shi da zanen furanni. Fensirinta ya ɓace jiya, ya ɓace shekaranjiya. A kan wannan yarinya nake so mu yi magana, gama ina ganin muna yi mata rashin adalci a gida da makaranta, ba da mugun nufi ba, sai don rashin sani.

A gida ma haka abin yake. An aike ta sayo gishiri da ashana da daddawa, ta komo da biyu, ta tsaya tana tunanin na ukun. An bar mata tukunya a wuta, miya ta kama tana zaune a gefen murhu. Ta tafi talla, ta dawo kuɗi bai cika ba, ba kuwa ci ta yi ba, ba ta dai san wanda ta ba canji sau biyu ba. Daga nan sai sunaye su fara: sakarya, malalaciya, shashasha, mai kunnen ƙashi. Waɗansu su ce iska ce ta shafe ta. A yi faɗa, a yi bulala, ta yi kuka ta ce ba za ta ƙara ba, har cikin zuciyarta kuwa take faɗi. Gobe ta ƙara.

Likitoci suna da suna ga wannan hali. Turawa suna taƙaita shi da haruffa huɗu, ADHD. Mu a nan bari mu kira shi raunin tsai da hankali. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1798 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan mutanen da ba su iya ajiye hankalinsu a kan abu ɗaya na tsawon lokaci. A 1902 wani likitan yara, George Still, ya yi lacca a gaban likitocin Landan a kan yaran da ya duba masu irin wannan wahala, yawancinsu maza. Daga nan aka daɗe ana ɗauka abin na yara maza ne masu ƙiriniya. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta rubuta a littafinta cewa ana iya samun raunin ba tare da ƙiriniya ba. A 1994 suka raba shi uku: mai ƙiriniya, mai shiru wanda hankalinsa ke yawo, da wanda ya haɗa duka biyu. Yarinyarmu ta bakin taga tana cikin kashi na biyu.

Sa'ad da aka tattara binciken ƙasashe da yawa, an ga wajen yaro ɗaya cikin ashirin yana da wannan rauni. Wato a ajin da ke da yara 80, irin wanda muke gani a ƙauyukanmu, za a iya samun kamar huɗu. Binciken da aka yi a kan tagwaye kuma ya nuna gado ne ke da babban rabo a ciki, wajen kashi uku cikin huɗu. Saboda haka ba rashin tarbiyya ne ya kawo shi ba, ba kuma rashin basira ba ne. Akwai masu kaifin kai ƙwarai a cikinsu. Abin da ya yi rauni shi ne linzamin, ba dokin ba.

A asibitoci, yara maza da ake ganewa suna da shi sun ninka mata sau biyu ko uku, wani wuri ma fiye. Amma in an duba manya, bambancin sai ya ragu ƙwarai. Me ke nan? Ashe 'yan matan suna nan tun farko, ba a dai lura da su ba. Wanda ya dami mutane shi ake kaiwa gun likita. Wadda ta dami kanta kaɗai, sai a bar ta. Mu kuwa a ƙasarmu muna da wani dalili na ƙari. Muna yabon yarinya mai shiru, mai sunkuyar da kai. Kunya abu ne mai kyau, ba ni da ja a kan wannan. Amma shiru iri biyu ne. Akwai shirun wadda take ji tana ajiyewa, akwai na wadda maganar ta wuce ta tana kunyar ta ce ba ta ji ba. A fuska duk ɗaya suke. Sai ranar jarrabawa ake gane bambancin, sa'an nan kuwa an makara.

Abin da ke jiran ta in an ƙyale

A 1997 wani malamin Jami'ar Kalifoniya, Stephen Hinshaw, ya fara bin rayuwar 'yan mata 140 masu wannan rauni, tare da waɗansu 88 da ba su da shi, tun suna 'yan shekara 6 zuwa 12 har suka zama manya. Abin da aka gani ba mai daɗin ji ba ne. Masu raunin sun kasance a baya a karatu. Sun fi sauran ji wa kansu ciwo da gangan, ko da yake wannan ya fi tsanani ga waɗanda suka haɗa da ƙiriniya. Ɗaukar cikin da ba a shirya ba kuma ya kai wajen ninki huɗu a cikinsu. Ƙasarsu daban, tamu daban, amma zuciyar yarinya ɗaya ce. Wadda aka yi shekara goma ana ce mata ba ta da amfani, ta yarda, ranar da wani ya ce mata kalma ɗaya mai daɗi a bakin hanya za ta bi shi ba tare da ta tambayi inda za shi ba.

A wurinmu hanyar ta fi gajarta. Uba mai 'ya'ya bakwai, kuɗin littafi da na riga ba su isa kowa ba, sai ya duba takardun sakamako. Wadda ta zo ta kusa da ƙarshe sau uku, ita za a fara cirewa. Ba mugunta ya yi ba, lissafi ya yi, amma lissafin an gina shi a kan kuskure, gama an auna basirarta da mudun da ba nata ba. Daga nan sai talla, sai aikatau a birni, sai aure da wuri. A gidan miji kuma tukunya za ta ci gaba da kamawa, sunayen nan za su biyo ta, yanzu daga bakin uwar miji.

Kafin mu ce yarinya tana da wannan rauni, tilas a duba waɗansu abubuwa, domin ba kowane rashin mai da hankali ba ne shi. Yarinyar da kunnenta ke zubar ruwa ba ta jin malam. Wadda idonta ba ya hangen allo za ta gaji ta kalli taga. Yunwa, ƙarancin jini, tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro da ke yawan dawowa, rashin isasshen barci ga wadda ake tasa tun asuba ta yi daka, da baƙin cikin abin da ke faruwa a gida, duk suna ɗauke hankali. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da mutum: yaro ya ƙame ido a buɗe na daƙiƙa kamar goma, sau da yawa a yini, ko an taɓa shi ba ya motsi, sa'an nan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Mai yawon hankali kuwa da an dafa kafaɗarta za ta juyo. Ita farfaɗiyar tana da maganinta daban. Dalma ma tana lalata hankalin yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, waɗansu da suka rayu kuma ya bar musu rauni. Yawancin waɗannan ana iya dubawa a asibitin da ke kusa, a kuma yi maganinsu. Likitan da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci a kan raunin tsai da hankali sai ya ga alamu shida cikin tara da aka lissafta, sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, suna kuma hana yarinyar ci gaba da gaske.

Abin da hannu ke yi wa hankali

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Iyaye da yawa za su ce: "Ƙarya take yi. In ba ta iya mai da hankali, yaya ta zauna tun azahar har la'asar tana yi wa ƙanwarta kitso, ko abinci ba ta nema ba?" Wannan tambaya mai kyau ce, amsarta kuwa ita ce mabuɗin dukan al'amarin. Masu wannan rauni ba rasa hankali suka yi ba. Ba su ne dai ke zaɓen inda zai tsaya ba. In abu ya kama shi, sai ya nutse har su manta da kansu. In bai kama shi ba, ko da bulala ba ya zama. Masana sun ga cewa lada mai nisa ba ya riƙe su kamar yadda yake riƙe sauran yara. Karatun boko kuwa dashen mangwaro ne, ka shuka bana ka ci bayan shekaru. Yumɓu ba haka yake ba. Ka danna yatsa, nan take ka ga gurbin. Ka ja zare, nan take layi ya fito. Kowane motsi yana biyan ladansa a wurin.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci. Abin da ya fi wahalar da yarinyar nan shi ne riƙe abubuwa a ka na ɗan lokaci, kamar saƙon aike, ko matakan lissafin rabawa. Magana iska ce, in ta wuce ta wuce. In malam yana bayani hankalinta ya fita minti ɗaya, sa'ad da ya komo an yi gaba, ba ta da wurin kamawa. Amma faifan da ake saƙa ba ya tafiya. In hankalinta ya fita ya komo, zai tarar da aikin yana nan inda ta tsaya, shi da kansa yana nuna mata abin da ke biye: ja biyu, fari ɗaya, ja biyu. Aikin ne ke riƙe mata abin da kanta ya kāsa riƙewa. Wannan shi ne abin da masu nazarin raunin suke ta faɗa wa malamai, wato a fitar da umarni daga cikin kai a ajiye shi a gaban ido, a daidai wurin da ake aikin. Kakanninmu mata ba su karanta wannan ba, amma haka suka koyar da saƙa.

Na uku kuwa shi ne suna. Yarinyar da ba a taɓa kiran sunanta ba sai don faɗa, ranar da maƙwabciya ta shigo ta ce, "Wa ya yi miki wannan lallen? A aro mini ita ranar bikin 'yata," wani abu ya canja a cikinta wanda wa'azin shekara ba zai canja ba. Ta sami shaida a hannu cewa tana iya fara abu ta gama, ya kuma yi kyau.

Ba mu rasa abin koyarwa ba. Ginin tukunya, saƙar faifai da tabarma, zanen ƙwarya, kitso, lalle, ɗinkin hula, saƙar kwarashi, adon bango da jar ƙasa da farar ƙasa, duk suna cikin gidajenmu, amma mun raina su domin na mata ne, ba a kuma koyar da su da Turanci. A tuna da Ladi Kwali, 'yar Gwari daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukunya a gida tun tana yarinya, tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulu. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. An nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana kan takardar naira 20. Ban kawo sunanta don in ce tana da wannan rauni ba. Na kawo shi ne domin uban da ke ganin yumɓu wasan ƙazanta ne ya ciro naira ashirin ya duba bayanta.

Amma a yi hattara, ba kowane aikin hannu ne ya dace da farawa ba. A nan masu kyakkyawan nufi sukan yi tuntuɓe. A ce an ba yarinyar nan hular da wani ya riga ya zana, ta cike ta da allura. Aikin makonni ne, ɗinki iri ɗaya sau dubbai. Kwana uku za ta yi da zafi, rana ta huɗu hula ta shiga ƙarƙashin katifa, sai a ce, "Kun gani? Ko wannan ma ta kāsa." An ƙara mata shaida a kan kanta ke nan. A fara da abin da za a gama a zama ɗaya: ƙaramin kasko, murfin kwano, lalle a hannu ɗaya, zane a bayan ludayi. In an zo ga babban aiki, a yanka mata shi, a sa alama da gawayi ko zare mai launi, a ce yau daga nan zuwa nan. Ta kai wurin, a tsaya, ko da tana so ta ci gaba. Gara ta tashi da marmari da ta tashi da gajiya.

Sa'an nan a bar ta ta ƙaga nata. Wannan yana da wuya ga gwanaye, gama gwana tana so a yi yadda aka gada. A koya mata yadda ake riƙe kaba, yadda ake murza yumɓu ya zama igiya, amma launi da zane a bar mata. Kwaikwayo yana gundurar ta da sauri, zaɓe kuwa yana riƙe ta. In ta sa shuɗi inda aka saba sa ja, duniya ba za ta tashi ba. A zauna kusa da ita ana nasa aikin, domin yawancinsu sun fi tsayawa a kan abu in akwai wani a gefe yana aiki, ko ba a magana. A kashe rediyo, a ajiye waya nesa. In za a yaba, a faɗi abin da aka gani: "Bakin kaskon nan ya yi daidai." Kalmar "kin yi ƙoƙari" ta ji ta da yawa daga bakin masu tausayi, ta san ma'anarta. Kayan aiki ba sa bukatar kuɗi: gawayi, jar ƙasa, baba, karan dafi, bayan tsohuwar kalanda. Abu ɗaya zan ja kunne a kai, shi ne baƙin lallen da ake haɗawa da maganin rina gashi. Yana ƙona fatar waɗansu, yana barin tabo. Jan lallenmu na gargajiya ya isa.

Hanya ce, ba masauki ba

Yanzu ga inda nake rabuwa da waɗansu abokan aiki. Da zarar an ga yarinya ba ta ja a aji amma hannunta yana da kyau, sai a ce, "Madalla, an gane baiwarta. A cire ta a kai ta koyon ɗinki." Ana faɗar wannan da murmushi, amma in ka tone shi, hukuncin nan ne na dā, cewa ba ta da kan karatu, an dai sa masa sabuwar riga. Ban yarda ba. Telar da ba ta iya karanta awo ba, ba ta iya rubuta sunan mai bashi ba, wasu za ta yi wa aiki har ta tsufa. Maginiyar da ba ta iya lissafi ba, dillali ne zai ci guminta. Mai yawan mantuwa ma ta fi kowa bukatar rubutu, gama takarda ce za ta riƙe mata abin da kai ya saki.

Don haka aikin hannu ya zama hanyar komawa ga littafi. Ta gina haruffa da yumɓu ta shanya su, ta jera sunanta da su. Ta ƙirga layukan faifai: in kowane zagaye yana cin kaba huɗu, zagaye bakwai fa? Ta raba hannu gida biyu ta ga yadda zanen dama ke amsa na hagu. Ta zana labarin da aka karanta a aji cikin hotuna huɗu kafin a ce ta rubuta shi da kalmomi. A gida kuma ta zana wa kanta allon ayyukan safe, hoto bayan hoto, ta kafa a bango: tsintsiya, guga, buhun makaranta, fensir. In za a aike ta, ta zana gishiri da ashana da daddawa a ɗan kwali kafin ta fita. Allon da uwa ta rubuta umarni ne, wanda ita ta zana nata ne, za ta duba shi. Shi kuma zanen da take yi a gefen littafi sa'ad da malam ke magana, kada a yi saurin dukan hannun. A tambaye ta abin da aka faɗa tukuna. Waɗansu sun fi ji in hannunsu yana motsi.

Ga malamai ina da ƙorafi. Manhajar firamare tana da darasin al'adu da zane-zane, tun dā ma akwai lokacin aikin hannu a jadawali. Amma kowa ya san abin da ya zama a makarantu da yawa: a kawo tsintsiya daga kasuwa, ko a kawo kuɗi a madadinta, a ba da maki. Wanda ya yi haka ya rufe ƙofa ɗaya tak da yarinyar nan za ta iya shiga ta zo ta ɗaya. Na san aji ya cika, albashi ba ya isa, ba na kuwa neman abin da ya fi ƙarfinku. A dawo da ita benci na gaba, nesa da taga. A kira sunanta a hankali kafin a ba da umarni, a ba da shi ɗaya ɗaya. In an ba aji lissafi goma, a ninke takardarta ta ga biyar tukuna. A ba ta aikin zana taswira ko hoton sassan tsiro da za a manna a bango, a rubuta sunanta a ƙasa. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ke cin kobo. Ƙungiyoyin mata kuwa, ko zumuntar mata ce ko ta masu adashe, suna da gwanaye da ke zaune da yamma. Gwana ɗaya da 'yan mata huɗu ko biyar a gindin bishiya sau biyu a mako ya isa. Kada a kira shi ajin marasa ƙoƙari, a haɗa da sauran yara, in ba haka ba ba uwar da za ta turo 'yarta.

Kada kuma in bar ku da zaton yumɓu magani ne. Ba ya warkar da raunin, ba kuma kowace mai raunin ce ke son zane ba. Wata waƙa ce ke kama ta, wata kiwon kaji, wata gudu. A nemi abin da ke kama ta, a bi ta nan. Abubuwan da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu su ne koya wa iyaye da malamai yadda za su tsara wa yaro aiki da lada, da kuma magani ga wanda abin ya yi wa tsanani. Akwai ƙwayar da aka fi sani da sunan Ritalin, wadda ke taimakon wajen yara bakwai cikin goma da aka ba. Amma tana iya rage cin abinci da barci, tana ƙarƙashin tsaron doka, likita ne kaɗai ke rubuta ta yana kuma bin awon yaron. Ba abin saye a kanti ko hannun mai tallan magani ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, saboda haka sai an yi tafiya: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano. Zuwa can ba ya nufin yarinya ta haukace. In za a je, a tafi da littattafanta na makaranta, da 'yar takarda daga malaminta a kan abin da yake gani a aji.

Tun da yake abin gado ne, kada ku yi mamaki in ana karanta wannan a taron mata, wata uwa ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ai ni ake faɗa." Wataƙila ita ma an cire ta daga aji uku, ta yi shekara talatin tana ɓoye mantuwarta, tana kuma dukan 'yarta da zafin da ya fi laifin, domin tana ganin kanta a cikinta. Irin wannan uwa ba faɗa take bukata ba. Ranar da za a zauna gindin bishiya, a gutsuro mata nata yumɓun, ta zauna kusa da 'yar.